Ɗakin Ɗinkin da Ya Tsuke

Ƙanena bai taɓa ganin aikin da ya gagare shi ba, muddin aikin a hannun wani yake. Yana saurayi ya yi gadi na ɗan lokaci a wani kamfanin gina hanya, yana ɗaga wa manyan motoci ƙarfen ƙofa. Daga can ya dawo da hular kwano da baki cike da labari. Aka sa masa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu. Har yau in ka kira shi da wani suna ba ya waiwayowa.

Gida ɗaya muke, wanda mahaifinmu ya bari. Ni ina ɓangaren gabas, shi da iyalinsa suna yamma. Ni ba mai yawan magana ba ne. Ina da benci a ƙofar gida, katako ɗaya a kan bulo biyu, a nan nake wuni tun da gwiwa ta hana ni fita.

Matarsa tela ce, Mai Keke ake ce mata. Ita ke riƙe da tukunyar gidansu. Kowa ya sani, shi ma ya sani, ba a dai faɗa. Bara mai shagon da take haya ya ce zai sayar da wurinsa, ta kwaso kekenta da teburin yanka ta dawo gida. Ana haka shugabar wata makarantar yara da ke bayan layinmu ta ce za ta ba ta ɗinkin kayan makaranta gaba ɗaya, amma sai ta zo ta ga wurin aiki da idonta. An taɓa ba wani tela, ya yanka mata yadi a kan tabarma, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, iyaye suka cika mata ofis. Ta ce ranar Asabar ta ƙarshen wata za ta leƙo. In ba ta ga ɗaki da teburi ba, aikin na wani ne.

Akwai ɗaki a bakin ƙofa da aka gina ba a yi wa filasta ba. Mai Keke ta auna shi da tef ɗinta, ta ce teburin zai shiga daga bango zuwa bango, da rara kamar tafin hannu. Filasta kawai ya rage.

Aka kira wani mai filasta da ake ce wa Sai Gobe. Sunan ya ishe ka bayani. Ya zo bayan azahar, bai jiƙa bangon ba, ya kwaɓa yashi mai yawa da siminti ɗan kaɗan kamar mai zuba gishiri a miya, ya watsa, ya shafe, ya wanke cokalin gininsa ya tafi. Da aikin ya bushe sai ya tsattsage kamar dunduniyar manomi. In ka shafa, yashi ya biyo hannunka. In ka ƙwanƙwasa, ya amsa kamar gangar da babu komai ciki. Aka aika masa, ya ce sai gobe. Aka kira shi a waya, ya ce ga shi nan a hanya. Wannan hanya ba ta kawo shi ba.

Na shiga na duba. Na ce a kankare duka a sake.

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan tunanin mutanen da ne. Ya ce a kamfani ba a kankarewa, ɗorawa ake yi. Shi da kansa zai ɗora wata filastar a kai, ta fito sumul kamar madubi, sannan ranar Asabar ya sa a kawo Sai Gobe gaban mutanen layi a nuna masa yadda ake aiki. Daga nan kuma zai sa a rubuta masa allo a kafa a ƙofar gida, don ya lura garin nan babu bango ɗaya da ke tsaye daidai.

Mai Keke tana tsaye da almakashi a hannu. Ta ce, "Baban yara, ka taɓa riƙe cokalin gini?"

"Kin san kwalta nawa aka shimfiɗa a gabana?" in ji shi. "Bango ai hanya ce aka tayar tsaye."

"To Allah ya sa kada mota ta biyo ta kai."

Washegari ya ciro hular kwanonsa daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe mata yanar gizo. Ya ari cokali da shebur. Bahon wankin matarsa ya zama wurin kwaɓi. Abu ɗaya ya rage, dogon katakon da masu filasta ke ɗorawa a bango su ga inda ya shiga da inda ya fito. Na je masallaci na dawo na tarar da bulo biyu a ƙofar gida, babu katako a kai.

Na leƙa ɗakin na ce masa, "Katakon nan ya lanƙwashe. Shekara da shekaru nake zama a tsakiyarsa."

Ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga katakon ya leƙa shi daga wannan baki zuwa wancan, kamar mai saitin bindiga. Ya ce miƙe yake sar, idona ne ya tsufa. Ni kuma magana sau ɗaya nake faɗa. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa tsakanin bulona biyu.

Kwaɓin farko da ya watsa wa bango, bangon ya dawo masa da rabi a fuska. Mai aski da ke tsallaken hanya ya ga wannan, ya bar kan da yake askewa ya zo ya tsaya. Injiniya ya ce gwaji ne, ana fara gwada ƙarfin siminti a fata. Sannan ya ɗora katakona a bango. Baki biyu suka taɓa, tsakiya ta bar rata har kyanwa za ta iya wucewa.

Nan ya fito ya kira jama'a. Ya kira mai aski, ya kira tsohon direban da ke maƙwabtaka da mu, ya kira har mai tallan gawayi da ke wucewa. Ya zura hannu cikin ratar ya juya shi, ya ce su shaida ta'asar Sai Gobe, mutum ya bar rami a bango kamar an kwashe da kwano. Ya wuni yana cike ramin. Da yamma katakon ya kwanta a bangon luf, ya fito yana goge hannu yana tambayar wa ya san mai rubuta allo mai kyau.

Da safe ya ɗauki katakon ta ɗaya fuskar. Bai lura ba. Ya ɗora, tsakiya ta taɓa, baki biyu suka tsaya a iska suna lilo.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce bangon ya motsa cikin dare, bulon na banza ne, wanda ya buga shi ma a kawo shi ranar Asabar. Ya cike sama, ya cike ƙasa, ya cike gefe da gefe. Kwana ya sake zagayowa, katakon ya sake juyawa a hannunsa, ramin tsakiya ya dawo. Ya cike.

Mai aski ya gane abin tun rana ta biyu. Bai faɗa ba, don ya ce tunda ya buɗe shago bai taɓa samun abin da ke riƙe masa mutane haka ba. Ya ɗauko kujerarsa ya kafa a ƙofar gidanmu, masu jiran layi suna zaune suna kallo. In Injiniya ya ɗauki katakon sai ka ji suna raɗa, wasu su ce yau ciki ne, wasu su ce yau baya ne.

Da ya ga bangon gabas ya yi kauri, sai ya ce na yamma ya rame, ɗaki ba ya kyau in bango ɗaya ya fi ɗaya. Ya koma can da katakonsa. Simintinsa ya ƙare, ya janye wanda na ajiye don gyaran bakin rijiya. Yashi ya ƙare, ya koma ɗibar tarin da direba ya daɗe yana tarawa a ƙofar gidansa. Direba ya fito da carbi a hannu ya tambaye shi wa ya ba shi. Injiniya ya ce taimakonsa yake yi, yashi in ya daɗe a ajiye ƙarfinsa na fita. Direba ya ce shekara talatin yana ɗaukar yashi a mota, bai taɓa jin wanda ya ruɓe ba. Injiniya ya ce ai ɗauka daban, sani daban.

Taga ta yi zurfi har wata kazar gidan ta shiga ta mai da ita wurin ƙwai. Ƙofa ta fara buɗewa rabi, sannan ta ƙi gaba ɗaya, ya kwance ta ya jingina a waje, ya ce na ɗan lokaci ne. Mai Keke ta leƙo ta tambaye shi ina wurin da za ta jona dutsen guga, don jiya ta gan shi a nan kusa da taga, yau babu. Ya ce ginin zamani ɓoye wuta ake yi. Ta ce ta ji an ɓoye waya, ba ta ji an ɓoye ramin da ake jonawa ba. Ta ciro tef za ta auna ɗakin, ya tare ƙofa da hannu biyu, ya ce dokar aiki ce, ba mai shiga sai da hular kwano. Hular kuwa ɗaya ce, tana kansa.

Ana jibi Asabar, Mai Keke ta zo ta durƙusa a gefen tabarmata. Ta ce, "Yaya, ka yi masa magana."

Na ce na yi.

Ta ce in aikin nan ya kuɓuce mata, ba ta da wani a gaba. Keken za ta sayar, don yara ba za su ci filasta ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta iya shi ba, amma tana ta naɗe tef ɗin a yatsa tana warwarewa.

Ranar na karya dokata. Na dogara sanda na je na tsaya a bakin ɗakin, na sake ce masa katakon ya lanƙwashe, kuma ɗakin ya tsuke. Ya ce ido ne. Bango in ya miƙe sosai ɗaki kan yi kamar ya ƙanƙance, abu ne da sai wanda ya yi aiki da manya ke ganewa. Yana faɗin haka yana juyawa a karkace, don kafaɗarsa da shebur ba sa wucewa tare. Na koma tabarmata.

Ranar Asabar ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya ɗora hular a kai. Ya bi layi gida gida yana gayyata. Direba ne ya kawo Sai Gobe, ya ce masa wani sabon aiki ne za a ba shi, shi ya sa a karon farko ya zo a ranar da aka kira shi. Yana ganin gidan ya so ya juya, direba ya riƙe masa hannu.

Injiniya ya yi jawabi. Ya ce akwai masu cokali, akwai masu ilimi. Ya ce wa Sai Gobe ya shiga ya buɗe ido ya koya, ba za a karɓi kuɗin makaranta a wurinsa ba. Sai Gobe ya zura kai cikin ɗakin, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya dubi kazar da ke kwance a taga, ya fito.

"Maigida, ni dai ɗaki na bar muku," in ji shi. "Wannan lungun wa ya kawo shi?"

"Ƙwanƙwasa ka ji."

"Ba zan taɓa ba. Wata nawa cikin nan, kada ya haihu a hannuna."

Ana cikin dariya shugabar makaranta ta iso, da tabarau a fuska da ɗan yadi a jaka. Mace ce mara wasa. Ta gaisa da ni, ta gaisa da Mai Keke, ta ce tana sauri, a nuna mata ɗaki da teburi.

Direba da mai aski suka ɗauko teburin. Suka shigar da shi a kaikaice, suka juya shi don ya kwanta daga bango zuwa bango, suka saki. Teburin bai sauka ba. Baki ɗaya ya ciji cikin bangon gabas, ɗaya ya ciji na yamma, ƙafafunsa huɗu suna reto a iska, tsakaninsu da ƙasa kamar taƙi guda. Su biyun suka sunkuya suka fito ta ƙarƙashi.

Injiniya ya ce katako ne ya kumbura saboda danshi. Mai Keke ta ce tun kafin ta aure shi take yanka a teburin nan, bai taɓa ƙara ƙiba ba. Ya ce to kafinta ne ya yi ha'inci, ya ƙara tsawo. Mai aski ya ce lallai kafintocin yanzu sun lalace, har ƙara wa mutum katako suke yi. Shugaba ta dubi agogonta.

Da ya ga ta dubi agogo sai ya ce kowa ya matsa baya, abu ne na danna kawai. Dama babu wanda ke ciki, ɗakin ba ya ɗaukar mutum biyu da teburi. Ya taka bahon kwaɓi ya haye teburin, ya gyara hula, ya yi tsalle. Teburin ya ɗan nutsa. Ya waiwayo ya yi wa jama'a murmushi, ya sake yin tsalle da ƙarfinsa duka.

Sai muka ji wata ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Tsaga ta tashi daga bakin teburin ta haura har sama. Bangon gabas ya saki filastarsa gaba ɗaya, fai guda, ta zame ƙasa ta farfashe. Na yamma ya ga ɗan'uwansa ya sauke kaya, shi ma ya sauke. Ƙura ta fito ta ƙofa ta rufe layin. Kazar ta fito ta cikinta tana kuka, ta bi ta kan hular mai tallan gawayi.

Da ƙura ta lafa muka leƙa. Teburin na tsaye da ƙafafunsa huɗu a ƙasa, daidai inda Mai Keke ta auna tun farko, da rarar tafin hannu. Bango biyu sun koma bulo tsirara, tas, ko ɗigon siminti bai maƙale ba, don filastar Sai Gobe dama ba ta taɓa kama su ba, jingina kawai ta yi. Kusa da taga ga wurin jona dutsen guga ya fito yana kallonmu. Injiniya kuwa yana zaune a tsakiyar teburin, toka daga hula har takalmi, ido biyu kawai ke motsi. Ko ƙwarzane bai yi ba.

Sai Gobe ne ya fara magana. Ya ce jama'a su shaida, aikinsa yana tsaye lafiya har aka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Injiniya ya tofar da yashi. Ya ce, "Yaya, ai kai ka ce a kankare. To ga shi na kankare, lokaci ɗaya. Da guduma aka bi, mako za a yi."

Ni shugaba nake kallo. Ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi, ta mai da jakarta kafaɗa, ta juya wajen hanya.

Mai Keke ba ta roƙe ta ba. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta taka ɓaraguzan ta shiga ɗakin ba hular kwano. Ta dubi mijinta ta ce, "Sauka." Ya sauka. Ta miƙa wa direba shebur, ta miƙa wa mai aski tsintsiya, ta jiƙa tsumma ta goge teburin har ya yi ƙyalli. Sannan ta leƙo ta ce wa shugaba ta ara mata yadin da ke jakarta na minti kaɗan.

Ban san me ya tsayar da matar ba. Ina jin tana son ganin ƙarshen abin, kamar kowa. Ta miƙa yadin. Mai Keke ta shimfiɗa shi, ta ja alli, almakashi ya bi ta kai, ana kwashe ɓaraguzai ta gefen ƙafarta ba ta ko kallo. Ta fito da hannun riga biyu ta ba ta. Shugaba ta haɗa su baki da baki, ta ɗaga sama ta duba, ta juya ta sake dubawa. Ta ce ranar Litinin za a kawo yadi.

Injiniya ya matso yana kaɗe riga. Ya ce ya lura katangar makarantarta ta ɗan karkace ta wajen ƙofa, in tana so zai leƙo da katakonsa. Ta ce ranar da ta gan shi kusa da katangarta da cokali a hannu, ranar za ta aiko a kwaso mata yadinta.

Direba ya tambayi Sai Gobe yaushe zai zo ya sake aikin da ya ɓata. Ya ce gobe da sassafe. Mai Keke ta ce ya huta, babu mai sake taɓa mata bango, na waje ko na gida. Ta sa aka mayar da ƙofa, ta buga ƙusoshi tsakanin bulo da bulo, tana rataye rigunan da ta gama a jere. Har yau haka ɗakin yake, keken na kuka tun safe. Yashin direba an mayar masa, sai dai a dunƙule. Bakin rijiyata yana nan yadda yake.

Da yamma na aika aka ɗauko mini katakona. Na kankare simintin da ya bushe a jikinsa, na ɗora shi a kan bulona biyu, lanƙwasar tana ƙasa. Injiniya ya fito ya tsaya a kaina yana kallo, ya rufe ido ɗaya.

Ya ce, "Yaya, ka san bencin nan naka ya lanƙwashe?"

Na ce na sani. Na zauna.